Wadda Ke Rawa a Madubin Madam

Landover, Maryland

Assalamu alaikum, Ummi.

Da fatan kin sauka lafiya, kin sami ɗakinki, kin sa wani abu mai zafi a cikinki. Allah ya tsare ki a garin da ba mu da kowa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Na cusa takardar nan a aljihun jakarki inda kike ajiye zare da allurar ɗinkin takalma, don na san nan ne ba za ki daɗe ba ki buɗe ba. Karatun Hausa yana ba ki wuya, na sani. Ki karanta da murya, a hankali, kunnenki zai gane abin da idonki bai gane ba. Ni ma ba gwanin rubutu ba ne, a firamare na tsaya, amma abin da zan faɗa ya fi ƙarfin Turancina.

Maganar da kika yi a mota ranar Lahadi ce ta zaunar da ni. Muna cikin gosulo a babbar hanyar Beltway kika ce wannan horon rawa na hutun zafi da za ki tafi shi ne na ƙarshe. Kika ce ba za ki tsaya a ɗauki bidiyon da ake tura wa jami'o'i ba, kuma rubutun da suke nema, wanda mutum yake ba da labarin kansa, a kan aikin sa kai da kika yi a gidan tsofaffi za ki yi shi. Na ce rawar fa? Kika amsa da Turanci kamar kullum, amma na ji ki sarai.

"Baba, kai ma ai ba ka taɓa faɗa wa kowa ina yi ba."

Na kalle ki a madubin mota, kin sunkuya kina naɗe yatsan ƙafarki da filasta. Gaskiya kika faɗa, amma abin da kika ɗauka shi ne dalili ba shi ba ne. Zan gaya miki inda na kauce, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani kafin su kafa kyamara.

Rawar nan ba da niyya muka fara ta ba. Kin zo ƙasar nan a goye. Mamanki tana aiki ranar Asabar, ni kuma lokacin ina jan tasi, sai aka ce akwai wani aji na yara kyauta kusa da mu. Na ɗauka wurin raino ne. Da na dawo ɗaukarki na tarar da ke kin tsaya a kan ƙafa ɗaya, sauran yara suna ta faɗuwa suna dariya, ke ko murmushi ba kya yi. Malamar ajin ce ta rubuta mini sunan Madam, wata malamar rawa a Annandale ta jihar Virginia, ta ce in kai ki can, bale ake ce wa irin wannan rawar ta Turawa.

A makon nan na sayi katin waya a shagon ɗan Ghana na kira Gwaggonki Asabe a Funtuwa. Ta tambayi lafiyarki, na ce lafiya lau, rawa ma take yi yanzu. Sai na ji ta rikice, tana cewa ai dama ta faɗa mini sanyin ƙasar Turawa ba na jarirai ba ne, in lulluɓe ki, in shafa miki man zafi, za ta sa a yi miki rubutu. Ta ɗauka rawar sanyi nake nufi. Ina dariya na ce a'a Yaya, rawa dai, ta kiɗa. Wayar ta yi tsit. Har na zaci katin ne ya ƙare. Can ta ce, a hankali, "Ita ma?" Daga nan ta shiga zancen damina.

Tun ranar na canza wa abin suna. A masallaci, a gidan suna, duk wanda ya ce ina Ummi sai in ce tana lesin. Kika girma kina jin ubanki yana cewa lesin, ke kuma kin san ba lesin kika je ba. To ki ji: aikin da kika zubar wa gumi, ki kira shi da sunansa. In kika sa masa sunan aro don mutane su ji daɗi, wata rana ke ma za ki nemi ainihin sunan ki rasa. Gidan tsofaffin nan 'yan Asabar kaɗan kika je, shi ma don Mamanki tana aiki a can. Duk wanda ya karanta rubutun zai ji cewa rigar wani kika saka.

"Ita ma" ɗin da Gwaggonki ta ce, Inna take nufi, mahaifiyata, wadda aka sa miki sunanta, wadda ta rasu kina ciki. Ba ki taɓa jin wannan ba: Inna gwanar rawa ce. A bikin mata, in aka kifa ƙwarya a kan ruwa aka fara kaɗawa, matan unguwa sukan ja baya su bar mata fili. Ba ta tsalle, ba ta hayaniya. Sai ta karkatar da wuyanta hagu kamar mai sauraron kira daga nesa, ta ɗaga hannu, ƙaramin yatsanta a lanƙwashe. Yatsan ya karye ne tun tana yarinya, ya warke a haka. A wani biki wata zabiya ta kama sunanta ta yi ta wasa ta gaban jama'a, tana cewa duk Funtuwa babu ƙafa irin tata. Ba a daɗe ba ƙafafun suka fara kumbura. Ba ta sake rawa ba har ta koma ga Allah. Kowa a gidanmu ya ce baki ne ya kama ta, ni ma da wannan na tashi.

Kin tuna da can nakan hau benen Madam in zauna a bencin iyaye. Kin kuma tuna lokacin da na daina. Wata ranar hunturu ce bayan la'asar, kina aji na farko a babbar sakandare. Na sauke wani tsoho da wuri, na iso kafin ku tashi. Na bi matakalar nan da ke gefen kantin 'yan Koriya. Mai kaɗa muku fiyano bai zo ba ranar, don haka babu kiɗa, sai ƙwanƙwasar bakin takalmanku a kan katako, ƙwas, ƙwas, kamar ana luguden daka a wata unguwa mai nisa. A tsakiyar matakalar na ji ƙamshin turaren wuta, irin wanda Inna take sa wa zannuwanta. Na tsaya na shinshina. Wurin kullum warin kabeji da kifi yake yi.

Na leƙa ta gilashin ƙofa. Kin ba ni baya, don haka a madubin bango na ga fuskarki. Ku duka kaya iri ɗaya, gashi a ɗaure iri ɗaya, fuska ba fara'a, kamar yarinya ɗaya aka ninka. Madam ta buga sandarta, kowa ya ɗaga hannu. Sai wadda ke tsaye a gurbinki cikin madubin ta karkatar da wuya hagu. Na dubi hannunta, ƙaramin yatsa a lanƙwashe. Ummi, yatsanki lafiyarsa ƙalau, ni na yanke miki farce kina jaririya. Ba ki taɓa ganin Inna ba, ko hotonta na kirki ba mu da shi. Da Madam ta ce a sauke hannu, na ga kin sauke, amma ta cikin madubin kamar ta ɗan jinkirta, kamar numfashi ɗaya, tana duban ƙofar da nake. Ba zan rantse a kan wannan ba. Hasken yamma ne, ga gajiyar tuƙi. Amma na sauka matakalar nan ina dafa bango, na zauna a mota, ban ma tuna na kunna hita ba.

Tun daga ranar a mota nake jiranki. Ke kika ɗauka kunyar kayan rawar nake ji, ko kunyar a ga Bahaushe a bencin. Tsoro ne. Na ga kamar in na ci gaba da kallo, in na yarda a raina cewa kin iya, abin da ya sami ƙafafun Inna zai biyo ki har Virginia. Da na gaya miki a lokacin, da kin yi mini dariya an wuce wurin. Na yi shiru, ke kuma kika cika shirun da abin da ya fi muni. Nan gaba in wani naki ya yi miki shiru, malami ne, ƙawa ce, ko mijin da Allah zai ba ki, ki tambaye shi. Kada ki zauna kina fassara shi ke kaɗai.

Kuma tunda zancen madubi ya zo, ki yi hattara da shi. Na ga yaran Madam da madubin nan ya cinye. Akwai wata doguwa mai jan gashi da nakan gani tana fitowa, tun tana da kumatu har ta koma kamar sanda, uwarta tana biye da ita da kwanon abinci tana lallashi. Daga baya na daina ganinsu. Madubi na gyaran hannu da kafaɗa ne, in kin gyara ki juya masa baya ki je ki ci abinci.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Kin san ranar, kina wurin. Watannin baya da matar nan mai ba ɗalibai shawara a makarantarku ta kira mu, ni da ke da Mamanki. Da farko ma ta ɗauka yayanki ne ni, sai da Mamanki ta gyara mata. Ta ce za ta rubuta wa jami'o'i takarda a kanki, tana so ta ji daga bakin uba: wace irin yarinya ce, me ya fi burge ni game da ita. Na ce ba laifi, tana ƙoƙari. Ta yi murmushi ta jira. Na ce ba ta da rashin kunya. Ta ce rawar fa, ta ji an ce kina cikin na gaba a wurin Madam. Na ce yara dai suna wasanninsu. Da na ga ta ƙura mini ido, don in cike wurin sai na kama ba ta labarin Nura, yadda yake haddace lambobin motoci, yadda ya ci gasar karatu. Ƙaninki na yaba a taron da aka kira dominki. Sunanki ma ban kama ba, "wannan" na yi ta cewa ina nuna ki da haɓa. Ke kuwa idonki yana kan takalminki.

A mota Mamanki ta jira kin shiga kanti, sannan ta juyo ta ce, "Malam, jami'a ka je nema mata ko akuya ka je taya, kake ta rage mata daraja?" Na ce ai kin san 'yar fari ce. Ta ce ta sani, amma Baturiyar ba 'yar Funtuwa ba ce.

Wannan ne ba mu taɓa zaunar da ke mun bayyana miki ba. A wurinmu mutum yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi gaban mutane, ba ya yabonsa. In an yabe shi ma sai ya kau da kai. Ba ƙi ba ne, kowa a can ya san wanda aka fi kau da kai daga gare shi, shi ne a ƙasan zuciya. Ke kuma abin ya haɗu miki biyu, ga ki ta fari, ga sunan mahaifiyata a kanki, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun da na yi wayo. Shi ya sa kike Ummi. A Funtuwa da maƙwabta da gwaggonni sun yi yabon a madadina, da kin ji a bakinsu abin da nake faɗa in ba kya nan. A nan babu su. Na kawo kunyar, na baro masu fassara ta a gida. Kina ganin ina ɗaga Nura sama ina kiransa gwarzo, ke kuma sai "kin ci abinci?"

Na je Bowie wurin Baffanki Habu na gidan rediyo, tunda ya kai yara jami'a, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce in da shi ne matar da ya rubuta cewa uban ma bai san yarinyar ba. Sannan ya yi mini bayanin yadda abin yake, zan faɗa miki yadda na fahimta. Ya ce manyan jami'o'in nan da kowa ke rububi, masu maki mai kyau da ke nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Mutanen da ke zaɓe ba za su taɓa ganinki ba, ke ma ba za ki gan su ba. Suna wani ɗaki, takardunki a gabansu, abin da aka faɗa kawai suka sani. Ya ce rawa ba ƙwallo ba ce, ba wanda zai zo ya ɗauke ki don ki ciyo musu kofi, kuma ba za ta rufe ramin lissafi ba in akwai rami. Amma in an jera yara masu maki iri ɗaya, sai a tambaya wanne ne ya riƙe abu guda ya daɗe a kansa, ya sha wuyarsa bai sake ba. Ya ce a nan ƙasar wanda ya yi kawaici, ɗauka ake yi ba shi da abin faɗa.

Da ya ce ba za su gan ki ba, sai na tuna kaina a bayan gilashin ƙofar Madam. Ni ma haka na san ki, ta gilashi. Shekarun nan duk a madubin mota nake karanta ki. Na san in kin zauna kin jingina kai da taga, Madam ta yi miki faɗa. In kin cire takalmi tun kafin mu hau babbar hanya, farcen ya sake fita. Na ga kina aikin lissafi a kan gwiwa da fitilar waya, ƙafarki cikin robar ƙanƙara. Na ga ranar da aka ba wata yarinya matsayin rawar da kika yi wata da watanni kina nema, kika yi kukanki ba sauti, washegari kika riga ni shiga mota. Wannan ne ya kamata in faɗa wa matar. Ki rubuta shi da kanki, ke kin fi ni Turanci.

Ban ce za su ɗauke ki ba. Baffanki ya ce akwai yaran da ba su da makusa kuma aka mayar da su, ba wanda ya san dalili. Don haka kada ki rataya ranki a ƙofa ɗaya, ki nemi manya ki nemi matsakaita. Ki riƙe lissafin nan da ke ba ki wahala, shekarar ƙarshe ma suna dubawa. Duk inda za ki nema, ki tambaya ko suna da ɗaki mai daɓen katako da malamin da ya san abin, don na lura in kika kwana biyu ba ki yi rawa ba, gidan nan ba ya zaunuwa. In ƙafa ta yi ciwo ki faɗa, kada ki ɓoye kamar ubanki. Maganar sutura da salla mun yi ta mun gama, kin san iyakarki, ban taɓa kama ki kin tsallake ba. In kuma bayan duk wannan kin ga rawar ta ishe ki don kanki, ki ajiye ta, ba mai tuhumarki. Amma kada ki binne ta saboda kin zaci ina jin kunyarta.

Game da baki kuwa, ban ce babu shi ba, ina karanta miki abin da ya sawwaƙa kowace safiya kuma ba zan daina ba. Sai dai tun da na koma jan motar kai tsofaffi asibiti, na ga masu irin ƙafafun Inna ba iyaka, kumburin iri ɗaya, launin iri ɗaya. Ba zabiyar da ta taɓa wasa su. Likita ne Inna ba ta samu ba.

Ranar Talata, kina gida kina haɗa kaya, na tuƙa zuwa Annandale ni kaɗai da rana tsaka. Na hau matakalar. Kabeji da kifi kawai na ji. Babu aji, Madam tana ofis tana shan shayi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, a'a, mutumin mota, ashe kana da ƙafafu. Na ce ina so in ga ɗakin. Ta buɗe mini. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta ce Kiya tana da wani abu da ba ita ta koya mata ba. Kiya, wai ke. Ta yanke kan sunan ta riƙe wutsiyar, ni kuma na ƙi taɓa shi gaba ɗaya, kin ga tsakaninmu mun bar ki ba mai kiranki daidai. Ta ɗaga hannunta ta lanƙwashe ƙaramin yatsa. Ta ce shekara da shekaru tana yaƙi da yatsan nan, ta buga, ta ɗaure, ya ƙi miƙewa, kuma in ba a rawa ba lafiyarsa lau. Ta ce yanzu ta bar shi, ta ga ba nata ba ne da za ta gyara. Ta tambaye ni ko akwai mai rawa a danginmu. Na ce akwai.

Ta koma ofis ta bar ni. Na cire takalmi na taka katakon, na je daidai gurbin da kike tsayawa, kusa da taga. Ɗakin shiru, ni kaɗai a madubi, wani mutum da rigar aiki da hula a hannu. Na daɗe a tsaye. Sannan na buɗe baki na kira sunan, cikakkensa, da ƙarfi yadda ake kiran mutum daga tsakar gida. Harshena ya yi nauyi kamar na wani. Ban san wacce a cikinku na kira ba. Ba abin da ya motsa, sai sandar ƙarfen nan da kuke dafawa, da na ɗora hannu na ji ta da ɗumi, a ɗakin da ba wanda ya shiga tun safe. Wataƙila rana ce ta taga. Wannan karon ban gudu ba. Na yi wa Inna addu'a, na sa takalmina, na yi wa Madam sallama.

Madam ta ce a farkon bidiyon ana so yarinya ta fuskanci kyamara ta faɗi sunanta kafin ta fara. Abin da nake roƙo ke nan. Ki tsaya a ɗauka. In an ce ki faɗi suna, kada ki ce Kiya, kada ki ce Ummi. Ki faɗe shi duka, ki bar yatsan yadda yake so. Kafin ki tura wa kowace jami'a ki turo mini, zan kalla daga farko har ƙarshe, zan kuma kai wa Baffanki, in sa a nuna wa Gwaggonki Asabe a waya. In sun tambaya me take yi, zan ce rawa, kuma ta iya.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce kilishin yana ƙarƙashin tawul, kada ki rabar da shi duka ranar farko. Nura ya riga ya ƙwace kujerarki a mota, amma na gaya masa aro ne.

Allah ya tsare ƙafafunki da zuciyarki. Allah ya buɗe miki ƙofar da ta fi alheri, ya rufe wadda ba ta da shi ko da tana da kyan gani. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, Rakiya.

Ni ne mahaifinki.